Ruwan Takarda a Garin Marke

Garin Marke, ta Minjibir.
18 ga Nuwamba, 1984.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan jiki lafiya, matata Hure na gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi. Na san abin da za ki ce in kin ga rubutuna: yau wace rana bawan gidanmu ya tuna da mu. Tunda kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, ke jikar namiji ni jikan mace, kin samu abin riƙewa har abada. To yau ɗaya na yarda, don ina da buƙata.

Kin ji yadda damina ta yi da mu. Gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Gonar da ke ba ni dami arba'in, dami uku na ɗaure, su ma rabi ƙaiƙayi ne.

Kwamitin agaji ya fitar da sunayen garuruwan da za a kai wa hatsi. Duk maƙwabtanmu suna ciki, mu ba mu ciki. Dagaci ya taka da ƙafarsa ya tambaya, akawun kwamiti ya zaro masa takarda mai hatimin ofishinku na Zariya. A gaban sunan garinmu an buga 999 a Yuni, 999 a Yuli, haka Agusta, haka Satumba. Akawu ya haɗa, ya ce milimita kusan dubu huɗu ke nan, ku da ruwa ya yi wa yawa me za ku yi da agaji?

Kin san ni ke duba ma'aunin ruwan sama da ke filin makarantarmu, wanda mutanen gari ke kira kwalbar Malam. Shekara goma sha ɗaya ina cike takarda ina aikawa kowane wata. Yanzu a masallaci da ƙyar ake amsa gaisuwata, wai ni na rubuta ƙarya na hana gari abinci. Wallahi ban taɓa rubuta tara uku a jere ba.

Abin da ya rage a gidaje shi ne iri. Hure ta auna namu, ta ce in an yi tsimi za mu kai ƙarshen Fabrairu, daga nan sai mu buɗe irin shuka mu ci. Ki duba mini daga ina wannan ruwa ya sauka, tunda mu ba mu gan shi ba.

Ki huta lafiya. Naki,
Badaru

*

Zariya.
3 ga Disamba, 1984.

Yaya Badaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori ta hana kowa sakat. Ka gaida Hure da kyau.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ba zan ɓoye maka ba, ni na buga tara ukun nan da hannuna. Aikina ke nan tun bara da aka kawo kwamfuta: ina ɗaukar takardun masu auna ruwa ina buga su a kati, na'ura ta haɗa.

Ga yadda dokar take. Sifiri na nufin an je an duba, ba a samu ruwa ba. Tara uku na nufin ba a san abin da ya faru ba, wato ba a auna ba. Na'ura ba ta yarda a bar mata gurbi fayau, shi ya sa aka zaɓi lambar da ba za a taɓa ɗauka ruwan gaske ba ce. In kwanakin da ba a auna ba suka wuce biyar a wata, watan gaba ɗaya ya zama tara uku. An rubuta wannan bayani a shafin ƙarshe, ga alama shafin bai kai hannun akawun nan ba, ko ya kai bai karanta ba.

Na ciro takardunka na bana. Ranar da aka yi ruwa ka rubuta lamba tsaf da kyakkyawan rubutunka. Sauran ranakun kuwa fari fat, ko ɗigon tawada babu. Matsalar daga takardarka take. Da can Malam Mika'ilu ne ke haɗawa da hannu, ya san halin kowane mai aikowa, amma ya yi ritaya, ni kuwa da na'urata ba mu san ka a nan ba.

Ka gaya mini, ranakun da ka bari fari, ka je ka duba ko ba ka je ba? Kwamiti zai sake zama ranar 20 ga Fabrairu. Ka amsa da sauri, bawan gidanmu, ba lokacin nawa ba ne.

Taka,
Safara'u

*

Garin Marke.
15 ga Disamba, 1984.

Safara'u,

Bayan gaisuwa. Muna nan yadda kika sani.

Ashe ke ce. Ina ta zagin wani baƙon da ban sani ba a zuciyata, ashe 'yar gida ce ta zuba mana ruwan takarda. Kuma har kina cewa matsalar daga takardata take, kina tambaya ko na je ko ban je ba. Ni Badaru? Kullum in na fito daga sallar asuba, kafin in sha ko da ruwa, sai na tsaya a kan kwalbar nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa miki.

Tunda kin tambaya, ji. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yarda a ce babu a kan rahamar Ubangiji ba. In aka tambaye shi ruwa, sai ya ce yana tafe. Ni da ke koyar da Arabiyya, in ɗauki alƙalami in zana ƙwai a gurbin rahama kwana ashirin a jere? Hannuna bai taɓa yarda ba. Sai in bar wurin, in koma gida in rubuta addu'a a littafina na ajami. Mika'ilu ya gane haka ba tare da ya ci mini fuska ba.

Gidan Sama'ilu sun kulle ƙofa sun tafi Bacirawa can Kano neman aikin leburanci, su tara har da tsohuwa. Ban da abin ƙarawa.

Badaru

*

Zariya.
21 ga Janairu, 1985.

Yaya Badaru,

Salamu alaikum, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarka ta sha biyar ga Disamba sai jiya ta iso, ta yi sati biyar a hanya, gefenta duk manja. Ni kuwa ina nan ina cewa fushi ya hana ka amsa, har na yi kuka a gaban maigidana, abin da ban saba ba.

Ka karanta layi ɗaya ka hau dokin zuciya. Ban ce ka yi ƙarya ba, ban ce kai malalaci ba ne. Cewa na yi a takardar gurbin yake, kuma ni ma ina da nawa laifin, don da na tambaya kafin in buga da ba mu kai nan ba. Mu bar wannan, in an ci abinci ma yi faɗan da hujja.

Cikin faɗan naka ka ambaci abin da ya fi komai: littafin ajami. In da gaske kowace safiya kana rubuta wani abu a ciki, to shi ne shaidar cewa ka je ka duba. Na yi wa shugaban sashenmu bayani, muna ce masa Dakta, mutumin kudu ne mai tsauri amma ba ya zalunci. Ya ce ba zai canza ko lamba ɗaya a kan maganar baki ba, sai ya ga rubutu.

Kada ka sa shi a gidan waya. Ka ba Basiru direban Minjibir, ya miƙa wa 'yan motar Zariya a tasha, su kawo mini hannu da hannu. Saura wata ɗaya cif.

Taka,
Safara'u

*

Garin Marke.
27 ga Janairu, 1985.

Safara'u,

Gaisuwa mai yawa. Na huce, Hure ce ta sa na sake karanta wasiƙarki ta farko a hankali, ta ce tun ina saurayi haka nake, in ji rabin magana in tashi.

Ga littafin nan na naɗe shi a ɗankwalinta. Bai taɓa kwana a wajen ɗakina ba, kuma ba don idon kowa na rubuta shi ba. Akwai abubuwan da ba su shafi ruwa ba a ciki, ki tsallake su, in kuma kin karanta ki riƙe bakinki. Ina fatan ajamin da Inna Luba ta koya miki bai gudu ba, 'yar boko.

Yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan nan. Irin yana nan a rataye, ba a taɓa ba tukuna.

Naki,
Badaru

*

Zariya.
2 ga Fabrairu, 1985.

Yaya Badaru,

Littafi ya iso lafiya, mu ma lafiya. Ajamina bai gudu ba, sai dai naka ne ke tafiya kamar sawun kaza.

Kwana biyu muka yi a kansa ni da Dakta, ina karantawa yana bin kalanda da fensir. Da muka yi nisa ya tsayar da ni, ya ɗora yatsa ya ce, wannan kalmar da ke ta dawowa kullum mece ce? Na ce masa an rubuta Allah ya kawo ne, kuma duk inda ya gan ta, mutumin ya je ya buɗe kwalba ya tarar da ita a bushe. Ya cire tabarau. Sannan ya ce in buga sifiri a duk inda ka yi addu'a. Yuni ya fito, Yuli ya fito, Satumba ya fito, ko rana ɗaya ba ka tsallake ba. Na ji alfahari da kai, kada kanka ya kumbura.

Amma da sauran rina a kaba. A Agusta akwai kwana shida da littafin ma bai ce komai ba: tara zuwa sha ɗaya, da ashirin zuwa ashirin da biyu. Doka biyar ta ce, kai kana da shida. Kuma kwamiti Agusta ya fi dubawa, don shi ne watan da gero ke fitar da kai. In Agusta ya zauna a tara uku, za su ce shaida ba ta cika ba.

Ka rubuto mini duk abin da ya faru a kwanakin nan shida, da abin da ka tarar da ka dawo. Kada ka rage komai ko da kana ganin shirme ne. Ta hannun Basiru kuma.

Taka,
Safara'u

*

Garin Marke.
7 ga Fabrairu, 1985.

Safara'u,

Salamu alaikum. Lafiya dai, gwargwadon hali.

Ukun farko, rasuwar yayana Iliyasu ce a garin Kunci, kin sani tunda kin aiko da ta'aziyya. Sai da aka yi sadakar uku na dawo. Makaranta na hutu, na tarar awaki sun ture ma'aunin, kwalba na gefe mazurari na gefe. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kwalbar ba ta da abin faɗa.

Ukun baya su ne nake jin nauyin faɗa. Kwanakin roƙon ruwa ne. Gari duka ya fita bayan gari, maza da yara, tsofaffi na kuka, kowa da azumi a bakinsa. Hanyar filin roƙon ta gaban makaranta ta bi. Ranar farko na karkata zan leƙa kwalba, sai kunya ta kama ni. Jama'a na tafiya roƙon Ubangiji, ni kuma in tsaya ina leƙen ko ya bayar, kamar mai bin sawun alkawari? Na wuce. Haka na yi kwana uku. Rana ta huɗu na je na buɗe, tana nan a tsaye yadda na bar ta, a bushe ƙayau, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin mazurarin. Na share na rubuta addu'ata na tafi.

Yanzu ga roƙona, kuma na san abin da nake roƙo. Rana ɗaya ce tak ta yi yawa. Ki zana ƙwan nan a ɗaya daga cikinsu, kowacce. Wa zai sani? Duk garin nan za su dafa Alƙur'ani cewa ba a yi ruwa ba. Jiya maƙwabcina Ɗan'auta ya sauko da irinsa, na ji matarsa na sussuka, na rufe kunnena na shiga ɗaki. Mu ma kwana ashirin ya rage mana, in ya kai. Ni da na ƙi rubuta sifirin gaskiya, yau ga ni ina roƙon na ƙarya. Ki yi mini dariya in kin so, amma ki taimaka.

Badaru

*

Zariya.
21 ga Fabrairu, 1985.

Yaya Badaru,

Albishirinka. Gaisuwa ta biyo baya, kowa lafiya, bari in ba ka labari tun yana da zafi.

Da wasiƙarka ta zo, sai da na sa katin Agusta a na'urar bugawa, yatsana a kan sifiri. Wallahi saura kaɗan. Abin da ya tsayar da ni shi ne, in Dakta ya kama ƙarya ɗaya, zai watsar da littafin gaba ɗaya, watanni ukun da muka samu su bi ruwa. Na zare katin, na ɗauki wasiƙar na kai masa, na fassara masa har da roƙon da ka yi. Na ce in zai kore ni ya kore ni da gaskiyata.

Yana saurare fuska a murtuke har na zo wurin gizo-gizo. Sai ya ce in maimaita. Ya tambaya, kwalbar a tsaye take? Na ce a tsaye. Ba wanda ya zubar? Na ce ba wanda ya je kusa da ita. Sai mutumin nan da ban taɓa ganin haƙoransa ba ya fashe da dariya. Ya ce ai kwalba ba ta san mai ita bai zo ba, aikinta take yi. Da an yi ruwan kirki a kwana ukun nan da ka tarar da shi a ciki, don wuyan mazurarin ƙanƙane ne, rana ba ta shanye shi cikin kwana uku. Duban da ka yi rana ta huɗu ya auna kwanakin duka. Ya sa na buga sifiri uku, da 'yar alama a gefe mai nuna cewa a haɗe aka duba su, ya sa hannu.

Kwanakin Kunci kuwa suna nan a tara uku, don gaskiya ba a sani ba. Uku ba su kai biyar ba, Agusta ya tsaya da ƙafarsa: milimita hamsin da takwas. Duk ƙasar Minjibir ba garin da ya kai ku ƙarancin ruwa a watan.

Ban yarda da gidan waya ba. Jiya na bar yara wurin maƙwabciya, na hau motar asuba na kai takardar Kano da kaina, da wasiƙar Dakta a sama. Akawun nan ya so ya ce an rufe karɓa. Na ce masa ba zan motsa ba sai shugaban kwamiti ya gan ni, na zauna a kan bencinsa na buɗe gyaɗata ina ci. Da aka shigar da ni, na shimfiɗa tsohuwar takarda da sabuwa gefe da gefe, na ce ranka ya daɗe, in an yi ruwa milimita dubu huɗu a Garin Marke, da a kwalekwale dagacinsu zai zo. Ɗakin duka aka yi dariya ban da akawu. Shugaban ya sa aka duba sauran garuruwa, sai ga wasu biyu can wajen Kunci su ma an hana su saboda tara uku. Ku uku aka rubuta a saman jerin, a gabana, na ga tawadar ta bushe kafin na tashi.

Sun ce mota za ta fito cikin kwana goma. Ka ce wa Hure ta ƙara haƙuri kaɗan, kada ta taɓa irin nan. Littafinka na tafe ta hannun Basiru. Ban karanta abin da ka ce in tsallake ba, sai dai kaɗan, kuma waƙar da ka yi wa Hure ba ta da laifi.

Uwar ɗakinka,
Safara'u

*

Garin Marke.
6 ga Maris, 1985.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban taɓa yi miki irinta ba, ki gaida maigidanki da ya bar ki kika tafi Kano saboda mu. Kowa lafiya.

Motar ta yi kwana goma sha biyu, ba goma ba. Kwana biyun ƙarshe kunun dusa muka sha, Hure na kallon irin ina kallon Hure. Shekaranjiya da hantsi muna aji sai muka ji ƙugin babbar mota daga hanyar Minjibir. Ban sallami yara ba, su suka sallami kansu. Dawa ce da masara, aka sauke a ƙofar dagaci, aka raba gida gida a gaban liman, har da gidajen da suka tafi aka ware musu nasu. An aika wa Sama'ilu a Bacirawa ya dawo da iyalinsa kafin sharar gona.

Irinmu na nan cif. Na kwance damin na raba biyu, rabi na kai wa Ɗan'auta, tunda nasa ya tafi ciki, ya riƙe hannuna ƙam.

Bayan sallar la'asar dagaci ya miƙe a masallaci ya karanta lambar Agusta da ƙarfi, hamsin da takwas, ya ce wannan aikin Malam Badaru ne da 'yar'uwarsa ta Zariya. Waɗanda suka daina amsa gaisuwata suka yi layi suna ba ni hannu. Na so in ja aji kaɗan, amma hawaye suka ci amanata a gaban yaran da nake koyarwa.

Game da waƙar, ke da Allah. Hure ta ce in kin zo da damina sai ta ja kunnenki, sannan ta dama miki fura.

Ina rubuta wannan a zaure da yamma, kuma da ƙyar nake jin tunanina. Turmi ne ke tashi ta ko'ina, gidanmu, gidan Ɗan'auta, gidan liman, har can ƙarshen gari. Wata huɗu rabon da in ji biyu suna amsa wa juna. Hure ta leƙo yanzu ta ce in ajiye alƙalami in wanke hannu, tuwo ya sauka.

Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuriya.

Naki har kullum,
Badaru